Baba Safiyo Ya Ba da Hanya

Ƙwallon ya faɗo tim a bayan Likita, ya yi tsalle, ya gangara ya tsaya dab da takalmin Baba Safiyo. Tsohon ko ɗaga kai bai yi ba. Yana tsugune a bayan nasa ƙwallon, ya riƙe sandar golf a tsaye a gaban fuskarsa, ya kanne ido ɗaya yana auna gangaren ciyawar zuwa rami, kamar dai yadda ya ƙare ƙuruciyarsa yana auna filayen mutane kafin ya yi ritaya.

Likita ya waiwaya. Can baya wasu samari ne ma'aikatan banki, ɗaya ya riƙe ƙugu, ɗaya yana bubbuga agogon hannunsa da yatsa don a gani. Bayansu wasu na jira, bayan waɗancan ma wasu. A wasan golf rukuni-rukuni ake bin juna daga rami zuwa rami, kuma na baya ba ya bugawa sai na gaba ya kauce. Idan mutum ɗaya ya yi nawa, fili gaba ɗaya ya tsaya ke nan. A safiyar kowace Asabar kuwa, kowa ya san wane ne mutum ɗayan.

Katanga ɗaya ce ta raba gidan Likita da na Baba Safiyo. Tsohon ne ya jawo shi wasan, lokacin da bayansa ya fara ciwo saboda sunkuyo a kan bakunan mutane, don shi likitan haƙori ne. Halinsu kuwa ya sha bamban. Likita mutum ne da a tsaye yake karyawa, wanda kafin mara lafiya ya gama ba da labarin haƙorinsa har an cire an miƙa masa a auduga. Baba shi kuma ko shayi zai sha sai ya jira ya huce, ya juya, ya sake jira. A fili akwai ladabin da aka sani, wanda ya ga yana tsare mutane sai ya ɗaga musu hannu su wuce. Baba bai taɓa yi ba. "Mai sauri ya tafi filin tsere," in ji shi. "Nan yawo muka zo."

Abin ya yi ta ƙaruwa a 'yan watannin nan, har kyaftin ɗin kulob ya ja Likita gefe a wurin ajiye motoci. Ya ce kwamiti ya gaji da ƙorafi, a gaya wa Baba cikin mutunci ya bar zuwa ranar Asabar. "Kai ne maƙwabcinsa, daga bakinka zai fi sauƙi." Tun ranar Likita ke yawo da saƙon. Ya shirya faɗa masa a mota, ya shirya faɗa masa ta kan katanga, kullum sai ya ƙare da zancen ruwan sama.

Ya sunkuya ya ɗauki baƙon ƙwallon. Mai shi, ɗaya daga cikin samarin, ya iso yana haki, yana sosa ƙeya.

"Ku yi haƙuri, iska ce ta ɗauke shi."

"Iskar ta san inda muke tsaye ke nan," Likita ya ce. "Da a kan tsohon nan ya sauka fa? Sa'an kakanka ne."

"Ba shi abinsa, Likita." Baba ya dogara da sanda ya miƙe a hankali, ya dubi saurayin. "Ku wuce, ɗana. Ka gaya wa na bayanku su ma su wuce. Duk ku wuce."

Saurayin ya tsaya kamar bai ji daidai ba. Likita ma haka.

Akwai benci a ƙarƙashin wata bishiya kusa da ramin. Suka ja kekunan jakunkunansu zuwa can suka zauna. Rukuni bayan rukuni suna wucewa, suna gaisuwa da 'yar kunya, Baba yana ɗaga musu hannu. Sai da aka sami sarari ya ce, ba tare da ya juyo ba:

"To, faɗi saƙon naka. Ya daɗe a bakinka, har ya fara kumbura maka kumatu."

"Wane saƙo, Baba?"

"Na kyaftin. Duk lokacin da ka shiga mota sai ka yi gyaran murya, sannan ka ce mini hadari ya taso. Kai da ba ruwanka da hadari."

Likita ya yi dariya, ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga kafaɗa. Ya fara kame-kame cewa ba wai kora ba ce, ana iya zuwa ranar aiki da yamma. Tsohon ya girgiza kai.

"Suna da gaskiya. Da can awo nake yi, ban musa ba, hali ne. Amma tun farkon shekarar nan ba awo nake ba. In ka ga na tsuguna na ɗaga sanda, numfashi nake nema. Ban ma ganin ramin sosai."

Sai a lokacin Likita ya dube shi da idon aikinsa. Leɓɓansa sun yi duhu. Igiyar takalminsa a sake take, saboda ƙafafun sun kumbura sun cika takalmin. Ƙirjinsa na hawa da sauka kamar wanda ya yi gudu, alhali zaune yake.

"Zuciya ce," in ji Baba. "Sun ce ta gaji."

"Kuma kullum muna tare ban lura ba."

"Kai haƙori ka karanta. Ni kuwa ban bar maka ko ɗaya na asali ba."

Likita bai iya dariyar ba. Ya tambaya ko yaran sun sani. Baba ya ce Auta ta sani, ita ke kai shi asibiti, ita ke lissafa masa ƙwayoyi. Babban kuwa, injiniyan da ke aiki a wata ƙasa, bai daɗe da ji ba, kuma tun da ya ji yake bugo waya yana zancen tiyata.

"Ka tuna yadda mamansu ta yi," tsohon ya ce.

Likita ya tuna. Matar Baba ta yi watanni a asibiti, inji na yi mata numfashi, bututu a hanci, bututu a hannu. Ba ta san wanda ke kanta ba, ba ta tafi ba, ba ta dawo ba. Baba yana zaune a kujerar roba a gefenta har gashinsa ya ƙarasa yin fari.

"Tafiyar ba ta ba ni tsoro, Likita. Tsayuwa a bakin ƙofa nake tsoro, ban shiga ba ban fita ba, yarinyar nan tana tsaye a bayana ta ajiye rayuwarta tana jira. Yaron nan ba zai ji daga bakina ba, zai ce tsufa ne ke magana. Kai mai farar riga ne. Ka yi masa bayani."

"Baba, yanzu ka sauke mini wani saƙo, ka ɗora mini wanda ya fi shi."

"Wannan kada ka tsaya zancen hadari."

Ba su ƙarasa wasan ba ranar. Likita ya je ya roƙi 'yar motar fili ya ɗauko shi zuwa bakin ƙofa.

Ba a daɗe ba ruwa ya taru wa Baba a huhu, aka kwantar da shi a asibiti. Babban ɗan ya iso da jaka ɗaya da waya biyu, bai ko kwana ba ya fara neman asibitin da za a fitar da mahaifinsa. Likita ya aika masa cewa ya biyo ta wurin aikinsa.

Ya zo bayan mara lafiya na ƙarshe ya fita. Ɗakin yana warin maganin kashe zafi, tukunyar dafa kayan aiki tana huci a lungu. Kujerar baƙi an fitar da ita gyara, don haka injiniyan ya ɗosana a bakin kujerar cire haƙori, fitila a rataye saman kansa. Likita ya san shi tun yana zuwa wannan kujerar da kuka, ana lallashinsa da alewa.

"Kawu, na samu wurin da za su yi aikin. Sa hannu kawai ya rage."

"Ka yi magana da likitan zuciyar da ke duba shi?"

"Na yi. Duk tsoro ne ya cika shi."

"Ni ma na yi magana da shi. Ba tsoro ba ne. Zuciyar babanku ba za ta ɗauki maganin barcin tiyata ba. Abin da ya fi yiwuwa shi ne a gama aikin lafiya, shi kuma ya kasa farkawa. Sai a ɗora shi a inji."

"To so kake na naɗe hannu ina kallo? Me mutane za su ce, ina da hali na bar ubana ya mutu a kujera?"

Likita ya ga maganar na neman tsere masa, irin yadda ta saba. Ya cire safar hannu ya jefa a kwando, ya jawo 'yar kujerarsa mai taya ya zauna gab da shi.

"Lokacin mamanku kana zuwa ka yi kwanaki ka koma, ba laifinka ba ne, aiki ne. Ni ina nan. Na ga abin da ya yi wa babanku, na ga abin da ya yi wa ƙanwarka. Shi ya aiko ni gare ka. Ya ce ba ya son wancan. Ban ce ka yarda da ni ba. Ka je ka ajiye wayoyin nan a mota, ka zauna ka tambaye shi me yake so, kuma in ya fara magana kada ka katse shi. Ka san ba ya sauri."

Injiniyan ya daɗe yana kallon tiren ƙarafunan da ke gefensa. Ya sa bayan hannu ya goge ido.

"In na tambaye shi na san abin da zai ce."

"Shi ya sa ba ka tambaya ba."

Washegari Auta ta leƙo gidan Likita ta ƙaramar ƙofa. Ta ce Yaya ya zauna da Baba tun safe har rana ta take, ƙofa a rufe. Da ya fito idonsa jawur, ya ce a haɗa kaya, gida za a koma.

A falo aka shirya masa wuri, saboda kwanciya tana toshe masa numfashi. Babbar kujerarsa aka jawo kusa da taga, aka jera matasai, tulun iskar asibiti a gefe yana tsiyayar da iska ta siririn bututu. Injiniyan ya zauna iya abin da wurin aikinsa suka bari, ya koma da alkawarin dawowa a ƙarshen wata. Sauran ya rage kan Auta. Malamar makaranta ce, ta ɗauki hutu, ta shimfiɗa katifa a ƙasa kusa da ƙafafun mahaifinta, ko tari ya yi ta miƙe. Matar Likita kan kawo abinci ta tarar da na jiya ba a taɓa ba.

Likita kan shigo kafin ya tafi aiki, ya sake shigowa in ya taso. Wata rana ya zo da sandar da ake tura ƙwallo cikin rami, ya kwantar da kofin roba a kan darduma a ɗaya ƙarshen falon. Baba ya ga kofin ya murmusa. Daga zaune yake bugawa, sandar a tsakanin gwiwoyinsa. Sai ya daɗe yana duban dardumar kafin ya taɓa ƙwallon.

"Wannan awo ne ko numfashi?" Likita ya tambaya.

"Awo ne. Falon nan ya karkata wajen ƙofar kicin. Na gaya wa maginin tun ana zuba daɓe, ya ce idona ne."

Akwai ranaku marasa daɗi. Wata yamma Auta ta ƙwala wa Likita kira ta kan katanga, ya shigo ba takalmi. Baba ya sunkuya gaba yana kokawa da iska, hannunsa ya damƙe hannun kujera, idanunsa sun firfito suna neman taimako a fuskar kowa. Aka ƙara iskar tulu, aka ba shi maganin da ma'aikaciyar jinya ta bari, Likita yana riƙe da kafaɗarsa har abin ya lafa. Da ya koma gida ya kasa cin abinci. Ya ce wa matarsa, "Maman yara, ni na sa aka dawo da shi. In haka zai yi ta yi wata da watanni fa? In haka zai ƙare, yana ji yana gani?" Ta ce masa ba shi ya zaɓa ba, Baba ne ya zaɓa. Ya san haka ne, amma tun daga ranar duk ƙarar da ta fito daga gidan maƙwabta sai gabansa ya faɗi.

Ranar wata Lahadi da safe ya shiga ya tarar an buɗe tagogi. Auta ta yi wa mahaifinta aski, ta sa masa riga mai tsabta. Ya sha rabin kofin shayi, har ya nemi a shafa masa man gyaɗa a burodi. Fuskarsa ta washe fiye da yadda Likita ya gani a kwanakin.

"Ka je fili jiya?"

"Na je."

"To, yaya? Tun da na ba su wuri ai yanzu kamar jirgi suke wucewa."

Likita ya zauna a kan ƙaramin tebur. "Baba, layin yana nan yadda ka bar shi. Jiya har zama muka yi a ciyawa muna jira. Ka san wa ake zagi yanzu?"

"Wa?"

"Kyaftin. Ya sayi wata na'ura mai kama da madubin hangen nesa, wai tana auna nisan rami. Kowane bugu sai ya ciro ta, ya goge, ya leƙa, ya mayar, sannan ya manta abin da ta ce ya sake cirowa. Samarin banki sun ce gara lokacin Baba, aƙalla shi yana ba da labari."

Tsohon ya yi dariya har bututun ya zame daga hancinsa. Likita ya gyara masa, yana tsoron kada tari ya biyo baya, amma bai biyo ba.

"Ashe ba ni kaɗai ba ne," in ji Baba, yana share hawayen dariya. "Kawo sandar nan."

Auta ta kwashe kofuna ta shiga kicin. Baba ya daidaita sandar, ya dubi kofin, ya buga ba tare da ya daɗe ba. Ƙwallon ya wuce ta gefen kofin, ya bi gangaren da maginin ya musa, ya shige ƙarƙashin kabad ɗin kwanuka.

"Ka gani ko," ya ce. "Ɗauko mini."

Likita ya durƙusa, ya kwantar da kunci a ƙasa, ya zura hannu yana lalube cikin ƙura. Ya taɓo murfin kwalba, ya taɓo wani tsohon biro, sannan ya kamo ƙwallon. Yana miƙewa yana cewa, "Sai ka biya ni kuɗin wankin wando," sai ya ga sandar ta jingina a gwiwar tsohon, hannayensa a kan cinya a buɗe. Kansa ya koma kan matashi, ya ɗan karkata wajen taga. Alamar dariyar ba ta gama barin bakinsa ba.

"Baba."

Ya ajiye ƙwallon, ya sa yatsu biyu a wuyansa. Ya jira. Ya kama wuyan hannunsa, ya sake jira, fiye da yadda ake buƙata. Daga kicin ana jin ƙarar ruwa a kan kofuna. Ya miƙa hannu ya murɗa kan tulun, ƙaramar ƙarar iskar ta ɗauke.

Shirun ne ya fito da Auta. Ta tsaya a ƙofar kicin, hannunta da kumfa.

"Kawu?"

"Ya tafi, 'yata. Allah ya jiƙansa."

Ta zo ta durƙusa, ta riƙe hannun mahaifinta da jiƙaƙƙun hannayenta. Da ta ɗago, tambaya ɗaya ta yi.

"Ya yi irin na ranar nan?"

"Ko kaɗan. Na sunkuya ɗauko ƙwallo ne, na ɗago na tarar. Ko motsi ban ji ba."

Ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka, sannan kukan ya zo, a hankali. Likita ya fita baranda ya bugo wa yayanta. Shi ma abin da ya tambaya ke nan, ko ya sha wahala. Likita ya gaya masa game da aski, da burodin, da kyaftin da na'urarsa. A can ɗaya gefen ya ji wani sauti da bai iya rabewa ba ko dariya ce ko kuka. "Na gode, Kawu," in ji injiniyan. "Na gode da ka sa na tambaye shi."

Mutane sun cika gidan kafin rana ta yi zafi. Da aka kai shi makwancinsa har 'yan kulob sun zo, kyaftin a gaba, samarin banki a bayansa sanye da kayan da Likita bai taɓa ganinsu da su ba. Wanda ya taɓa jefo ƙwallon nan ya matso ya riƙe hannun Likita da hannu biyu, ya sunkuyar da kai ya wuce.

Da yamma gidan ya fara raguwa. Likita da matarsa suka shiga yi wa Auta sallama, su ce mata ta zo ta kwana wurinsu. Suka same ta a kujerar cin abinci, ta jingina kai da bango, takalmi a ƙafarta, kofin shayi a hannu ya karkata saura kaɗan ya zube. Barci take yi, mai nauyi, bakinta a ɗan buɗe kamar na ƙaramar yarinya. Likita ya ɗaga hannu zai taɓa kafaɗarta, matarsa ta girgiza masa kai. Ta zare kofin daga yatsunta a hankali, ta cire mayafinta ta lulluɓa mata, suka ja kujeru suka zauna.